Wa Zai Yi Jinyar Mai Jinya?

Karatu: Littafin Ƙidaya 11:10-17, 1 Sarakuna 19:1-8, Luka 10:30-35, Markus 6:30-32

  Ko ku Kambari ne, ko Dakarkari, ko Dukawa, ko Kamuku, ko Gbagyi, Maganar Allah ta dukanmu ce. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da ku, sai ku ɗauko mu duba tare.

Yau za mu yi magana a kan wani mutum da ba a cika tunawa da shi ba. Sa'ad da muka shiga gidan da ake ciwo, mukan tarar da wata mace a tsakar gida tana wanke zannuwa, ko tana dama kunu. Mukan ce mata, "Sannu, yaya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Sai mu wuce ɗaki, mu gai da mara lafiya, mu yi addu'a, mu kama hanya. Da wuya a sami wanda zai tsaya ya ce mata, "Ke fa, yaya naki jikin? Yaushe rabonki da barci?" Wannan ita ce mai jinya. Abin da muke so mu nuna daga Maganar Allah abu ɗaya ne: Allah bai shirya jinya ta zama kayan mutum ɗaya ba, hutun mai jinya kuma ba zunubi ba ne.

1. Kayan da ba a gani

Akwai ciwon da ke zuwa ya wuce cikin mako guda, kamar zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma wanda ke zuwa ya shimfiɗa tabarma a gida. Baba ya faɗi a gona, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Kaka ta tsufa ta fara mantuwa, tana fita da dare, ba ta gane hanyar gida. Yaro mai sikila, da sanyi ya shigo sai an kwana asibiti. Ɗan'uwa mai farfaɗiya, ko mai taɓin hankali. Irin wannan jinya takan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru.

Kun san yadda zaman asibiti yake a ƙasarmu. Ko a Babban Asibitin Kontagora ne, ko an tura ku Minna, ko Bida, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ko na Shika kusa da Zariya, ɗan'uwan mara lafiya ne ke sayo magani, shi ke kawo abinci, shi ke wanki, shi ke kwana a tabarma. In aka sallame ku kuwa, aikin ya biyo ku gida: wanka, ba da abinci a baki, kai bayan gida, wankin shimfiɗa, ga girki, ga yara, ga gona tana jira.

A dā gidajenmu na ƙauye manya ne. Akwai facaloli, akwai ƙanne, akwai jikoki. In wannan ta gaji, waccan ta karɓa. Yanzu samari sun tafi Abuja da Kaduna da Legas neman abinci. Rashin tsaro kuma ya watsa iyalai da yawa daga ƙauyukan Mariga, da Rijau, da Magama, da Mashegu. Waɗansu sun shigo Kontagora suna zaune a ɗakin haya ɗaya ko biyu, nesa da danginsu. Kayan da mutum biyar ke ɗauka a dā, yau ya koma kan mutum ɗaya.

Wannan mutum ɗaya kuwa yawanci mace ce: mata, ko 'ya, ko matar ɗa. Ba a nan kaɗai ba. A shekara ta 2018 Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana cewa kimanin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da iyali wanda ba a biya, mata ne ke yinsa. A 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da aikin kulawa da masu yinsa. To, idan duniya ta fara lura da su, yaya ikilisiyar Almasihu za ta rufe ido?

2. Bawan Allah ma ya gaji

Bari mu duba Littafin Ƙidaya sura 11. Isra'ilawa suna cikin jeji. Sun gaji da manna, suna kuka a ƙofar alfarwansu, nama suke so. Dukan kukan nan a kunnen Musa yake sauka. Sai Musa ya buɗe zuciyarsa ga Ubangiji. Ya tambaya ko shi ne ya haifi jama'ar nan, har da za a sa shi ya rungume su kamar yadda mai reno ke yi da jariri. Ya faɗa a fili cewa nauyin ya fi ƙarfinsa, ba zai iya shi kaɗai ba. Har ya kai ga roƙon mutuwa.

Ku lura, wannan Musa ne, mutumin da sura ta gaba ta shaida cewa babu kamarsa wajen tawali'u a duniya. Ba rashin bangaskiya ne ya sa ya yi wannan magana ba. Kaya ne ya yi masa yawa.

Mene ne amsar Ubangiji? Bai tsauta masa ba, bai kuma ce ya ƙara haƙuri ya koma aiki ba. Ya umarce shi ya tara dattawa saba'in, ya ɗiba daga Ruhun da ke kan Musa ya sa a kansu, domin su ɗauki nauyin tare da shi. Maganin da Allah ya ba mutumin da ya gaji shi ne waɗansu mutane. Tun kafin wannan ma, a Fitowa sura 18, Yetro surukin Musa ya gan shi yana shari'a daga safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya ba shi shawara ya raba aikin.

'Yar'uwa mai jinya, wataƙila akwai daren da kika ce a ranki, "Na gaji, ba zan iya ba." Wataƙila har tunani ya zo miki cewa da ma Allah ya ɗauke mara lafiyan nan kowa ya huta, sa'an nan kika tsorata da kanki, kika ɗauka ke muguwa ce. Ki saurara. Masu jinya da yawa sun taɓa yin wannan tunani, ba su dai faɗa wa kowa ba. Gajiya ce ke magana. Ki kai ta gaban Ubangiji kamar yadda Musa ya yi, ki kuma gaya wa wani amintacce.

3. Jiki magayi

Yaya mutum zai san kayan ya fi ƙarfinsa? Hausawa sun ce jiki magayi. Ga waɗansu alamu:

Barci ya ƙi zuwa, ko da an sami zarafin kwanciya.
Ciwon kai, ciwon baya, da bugun zuciya ba sa rabuwa da mutum.
Abinci ya daina daɗi, jiki yana ramewa.
Ƙaramin abu yana kawo fushi. Ana yi wa yara tsawa, har mara lafiya ma ana yi masa.
Mantuwa ta yi yawa, ba a tuna ko an ba da maganin safe.
Mutum ya daina zuwa sujada, ya daina gai da maƙwabta, addu'a ta zama masa nauyi.
Hawaye suna zuwa ba dalili.

Kada mu raina waɗannan alamu. A shekara ta 1999 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka a kan tsofaffi masu jinyar mazansu ko matansu. An bi su har shekara huɗu. Waɗanda suka ce jinyar tana matsa musu, haɗarin mutuwarsu ya fi na tsararsu marasa jinya da kashi 63 cikin 100. Mu ma a nan mun sha gani: an binne mai jinya, mara lafiya yana nan kwance. Daga ranar kuwa wahalarsa ta ninku, gama wanda ya san lokacin maganinsa da irin abincin da yake iya haɗiyewa ya tafi.

Saboda haka, in kina kula da lafiyarki, mara lafiya kike yi wa alheri. Manomin da ke huɗa da shanu ya san wannan. Yakan fita da sassafe, rana ta yi zafi ya kwance su, su sha ruwa su yi kiwo. Ba ragwanci ba ne. Ya san in ya matsa musu yau, gobe babu huɗa.

4. Abinci da barci kafin wa'azi

Mu juya zuwa 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya ya yi babban aiki a Dutsen Karmel. Bayan haka Yezebel ta aika masa da saƙon kisa. Ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji shi kaɗai tafiyar yini guda. Ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi mutuwa, barci ya kwashe shi.

Me Allah ya fara yi? Ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa. Iliya ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya. Mala'ikan ya bar shi ya yi barci, sa'an nan ya sāke tashe shi ya ci, domin tafiyar da ke gabansa mai nisa ce. Sai da ya kai Horeb Allah ya yi magana da shi a kan damuwarsa. A can ya sanar da shi cewa ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya kuma ba shi Elisha, wanda ya bi shi yana yi masa hidima.

Ku ga tsarin Allah: abinci, barci, magana, sa'an nan abokin aiki. Wanda ya yi jikinmu daga ƙurar ƙasa ya san iyakarsa. Akwai masu jinya da ke ƙara wa kansu azumi a kan rashin barci, suna tsammani ta haka Allah zai fi jin su. Azumi yana da lokacinsa. Amma wadda ta kwana uku ba ta runtsa ba, abin da ya fi mata shi ne ta ci tuwo ta kwanta, ikilisiya ta yi azumin a madadinta.

5. Miƙa wa wani ba yasarwa ba ne

Wani zai ce, "Ai Littafi ya umarce mu mu girmama iyaye. In na bar mahaifiyata a hannun wani na tafi hutu, ban yashe ta ba?" Tambaya ce mai kyau. Amsarta tana cikin misalin Basamariye, a Luka sura 10.

Basamariyen nan ya tarar da mutumin da 'yan fashi suka raunata a hanyar Yariko. Ya zuba masa mai da ruwan inabi, ya ɗaure raunukan, ya hawar da shi kan dabbarsa, ya kai shi masauƙi, ya yi jinyarsa a daren. To, da gari ya waye fa? Ya fitar da dinari biyu, wato ladan ƙwadago na kwana biyu, ya ba mai masauƙin, ya danƙa masa jinyar, ya yi alkawari zai biya sauran in ya komo. Sa'an nan ya kama hanyarsa. Wannan mutum ne Yesu ya kafa mana a matsayin gurbin ƙaunar maƙwabci. Ya yi nasa, ya samo wanda zai ci gaba, ya tafi, da niyyar dawowa.

Ubangijinmu da kansa, yana bisa gicciye, ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, almajirin kuwa ya kai ta gidansa (Yahaya 19:26-27). A Markus sura 6 kuma, sa'ad da manzanni suka komo daga aiki, jama'a suna ta kai da kawowa har babu zarafin cin abinci, Yesu ya kira su su keɓe su ɗan huta. Akwai marasa lafiya a cikin taron nan, duk da haka ya ce su shiga jirgi. Gaskiya ne jama'a sun riga su isa, hutun ya katse. Mai jinya ya san irin wannan. Amma bayan ya ciyar da taron, ya sallame su, ya hau dutse shi kaɗai don addu'a. Hutu ya katse, bai fasa nemansa ba.

Dokar Asabar ma, a Maimaitawar Shari'a 5:14, ba ta tsaya a kan maigida ba. Ta haɗa da 'ya'ya, da barori maza da mata, da baƙo, har da sa da jaki. Idan Allah ya tanada wa jaki ranar hutu, yaya matar ɗa za ta yi shekara biyu tana jinya ba ta da ko yini ɗaya?

6. Shawara ga mai jinya

Na fari, ki faɗi abin da kike bukata dalla-dalla. Mutane sukan ce, "In akwai wani abu ki gaya mana." Kada ki ce babu komai. Ki ce, "Ina so ki zauna da Baba ran Talata daga azahar zuwa la'asar." Ko, "Ina so ka ɗebo mana ruwa jarka huɗu." Bukatar da aka ambata da suna ta fi saurin biyuwa.

Na biyu, ki nemi hutu iri uku. Na kullum: ko sa'a ɗaya ce, sa'ad da mara lafiya ke barci, ki kwanta ke ma, wanki ya jira. Na mako: rabin yini ko yini guda, ki je sujada, ki je kasuwa, ki ga mutane. Na lokaci lokaci: bayan 'yan watanni ki yi kwana biyu ko uku a gidan 'yan'uwanki. Masana lafiya sun ce babban mutum yana bukatar barcin aƙalla sa'a 7 a dare. In dare bai ba ki ba, ki rama da rana.

Na uku, ki ci abinci a kan lokaci, ba ragowar kunun mara lafiya kaɗai ba. Ki sha ruwa sosai, musamman a zafin Maris da Afrilu. Duk ranar da kika kai shi asibiti, ki ce a auna jininki ke ma. In awon yana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, ba sau ɗaya ba, ki ga likita.

Na huɗu, ki kiyaye bayanki. In za ki ɗaga mara lafiya, ki lanƙwasa gwiwa, ki matso kusa da shi, kada ki sunkuya da baya. Gara mutum biyu su kama zanen shimfiɗa gefe da gefe su ja shi.

Na biyar, ki guji ƙwayoyin ƙarfi da na barci da ake saye a kemis ba da izinin likita ba, irin su tiramadol. Haka ma giya. Suna rufe gajiya na ɗan lokaci, daga baya su zama sabon ciwo.

Na shida, ki koya wa wani. Wani lokaci mai jinya ce ke hana a taimake ta, tana cewa ba wanda ya iya sai ita. Ki nuna wa mutum biyu yadda ake ba da maganin, a rubuta lokutansa a takarda a manna a bango. Ko ba su yi daidai da naki ba, ki bar su su koya.

Idan kuwa baƙin ciki ya rufe ki har tunanin hallaka kanki yana zuwa, kada ki kwana da shi. Ki gaya wa fasto, ko matar fasto, ko ma'aikacin lafiya a ranar. Wannan ciwo ne da ke da magani.

Ku maza masu jinyar matanku ko iyayenku, duk wannan shawara taku ce. Kada kunya ta hana ku cewa kun gaji.

7. Magana ga iyali

Likitoci suna cewa mara lafiyan da ba ya iya motsi a riƙa juya shi kusan kowace sa'a biyu, don kada gyambon kwanciya ya kama shi a ƙugu, da kafaɗa, da diddige. Ku yi lissafi. Yini da dare sa'a 24 ne, wato juyi 12 ke nan. Wane mutum ɗaya ne zai yi wannan kullum ya rayu? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mutanenmu sun san aikin gayya. Dakarkari sun san golmo, inda samari ke haɗuwa su nome gonar surukin ɗayansu, gobe su koma ta wani. Kakanninmu ba su bar mutum ɗaya da babbar gona ba. Me zai hana mu yi gayyar jinya?

Ku kira taron iyali. Waɗanda ke nesa a sa su a waya. A rubuta wa ke kwana ran Litinin, wa ke kwana ran Talata, wa ke kai asibiti, wa ke kula da gona. Wanda ba zai iya zuwa ba ya ɗauki kuɗin magani, ya riƙa turowa a kan lokaci, ba sai an roƙe shi ba. Ya kuma zo a lokacin hutunsa ya karɓi jinyar na mako guda, ba ya zo a matsayin baƙo a yanka masa kaza ba. Manzo Bulus ya yi magana mai zafi a 1 Timoti 5:8 a kan mai bi da ba ya kula da mutanen gidansa. Wannan aya ba ta mata kaɗai ba ce.

Maigida, in matarka tana jinyar mahaifiyarka, ka sani bashinka take biya. Ka gode mata a gaban danginka. Ka kwana a ɗakin Mama wani dare ita ta yi barci. Kada kuma a cire yarinya daga makaranta saboda jinya alhali ga manya a gida. Jinyar za ta ƙare wata rana, karatun da ya wuce ta da wuya ya dawo.

Akwai wani nauyi kuma da muke ɗora wa masu jinya, wato zargi. Tsohuwa ta ruɗe, tana surutai, tana kiran sunayen matattu, sai a ce mayya ce, ko a ce matar ɗanta ce ta yi mata asiri. 'Yan'uwa, ruɗewar tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Mai wannan ciwo yakan zagi wanda ya fi kula da shi, yakan ce an yi masa sata, ko an hana shi abinci alhali yanzu ya ci. Kada ku yanke wa mai jinya hukunci da jin bakinsa kaɗai. Haka ma mai taɓin hankali: sarƙa da bulala ba magani ba ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, da Barnawa a Kaduna. Mu yi addu'a, mu kuma kai shi a duba shi.

8. Magana ga ikilisiya

A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima, domin ana manta gwaurayen masu jin Helenanci a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi shiru ba. Sun sa a zaɓi mutum bakwai, aka danƙa musu aikin. Ƙauna ta zama tsari, da sunaye, da masu alhaki.

Haka ya kamata mu yi. Dattawa su san gidaje nawa ne a ikilisiyarsu ke da doguwar jinya. Zumuntar Mata ta raba kanta biyu biyu, kowane mako a sami masu zuwa su zauna da mara lafiya, mai jinya ta fita. Ran Lahadi a yi karɓa-karɓa, domin ita ma ta zo sujada ta ci Jibin Ubangiji. Matasa su ɗebo ruwa, su faskara itace, su yi noma a gonar gidan. Mai babur ya ba da kansa ranar zuwa asibiti. In tsoho ya manta Hausa ya koma harshen da aka haife shi da shi, kamar yadda yakan faru da masu ruɗewa, a nemo mai jin harshen ya zauna da shi.

Mu gyara ziyararmu kuma. Mutum goma su cika ɗaki, su daɗe, mai jinya ta tashi ta dafa musu abinci, su tafi su bar mata wanke-wanke: wannan ƙarin kaya ne. Mu je da abinci a hannu. Mu taƙaita zama. Ɗaya ya yi addu'a, ɗaya ya ɗauki tsintsiya. Galatiyawa 6:2 ta koya mana cewa ɗaukar nauyin juna shi ne cika shari'ar Almasihu. Kada kuma mu tsaya a kan 'yan ikilisiyarmu kaɗai. Maƙwabciyarmu Musulma da ke jinyar mijinta ita ma tana bukatar wanda zai ɗebo mata ruwa.

Kammalawa

Ya ke mai jinya, ya kai mai jinya, aikinku ba a ɓoye yake ga Allah ba. A Matiyu sura 25 Yesu ya nuna cewa abin da aka yi wa mara lafiya, shi aka yi wa. Amma shi wannan Yesu ne kuma ya kira masu wahala da masu nauyin kaya su zo wurinsa su sami hutawa (Matiyu 11:28). Ba kai ne mai ceton mara lafiyarka ba. Ransa yana hannun Allah, wanda ba ya gyangyaɗi, ba ya kuma barci. Tun da shi yana farke, kai kana iya kwanciya. In kuwa ba ka taɓa ba da ranka ga Almasihu ba, nauyin zunubi ya fi na jinya, shi ne kuma ya ɗauke shi a kan gicciye. Ka zo gare shi yau.

Ku sauran masu sauraro, kafin Lahadi mai zuwa kowa ya tuna da gida ɗaya da ake jinya, ya je ya ba da sa'a biyu.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, muna kawo maka dukan masu jinya a Kontagora da kewaye, na gida da na asibiti. Ka ba su ƙarfi, ka ba su barci mai daɗi, ka ɗauke musu zargin zuciya. Ka ta da mataimaka dominsu kamar yadda ka yi wa bawanka Musa. Ka taɓa marasa lafiya da hannunka na warkarwa. Ka buɗe idon iyalai da ikilisiyoyi su ga waɗanda suka gaji a tsakiyarsu. Ka kawo salama a ƙauyukanmu. Mun roƙa a cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Tambayoyi don tattaunawa a gida

1. Me Allah ya yi wa Musa da Iliya sa'ad da suka ce sun gaji?
2. Me ya sa tafiyar Basamariye da safe ba ta zama rashin ƙauna ba?
3. A gidanmu ko a unguwarmu, wa ke ɗauke da jinya shi kaɗai?
4. Wace rana ce, wane aiki ne kuma, kowannenmu zai karɓa daga wannan mako?